Takardar Da Na Kwance Daga Ƙofa

An ba Jikalle izini! Uwargida, takarda ta fito, ga ta a gabana da hatimin hukuma!

Afuwa, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, ke da Auta da jaririnta. Yaya ƙafar taki?

Kin san wata bakwai ke nan jikarmu tana zarya ofishin tsara gari, tun da ta ajiye aikinta ta ce za ta mai da tsohon shagona na kafinta filin padel. Yanzu na gane wasan: mutum huɗu ne cikin keji na gilashi, suna dukan ƙwallo da wani abu kamar marfin tukunya mai huji. Wai har layi ake yi don a shiga a yi gumi.

Jiya da hantsi na je buɗe tagogi, sai na tarar da takarda rawaya ɗaure da waya a jikin ƙofar ƙarfe, sunan yarinyar a sama da manyan baƙaƙe. Ashe ma'aikata sun zo ba kowa, suka ɗaure ta kamar tallan magani suka tafi, ga hadari ya haɗo. Malaminmu na ajin yamma ya sha faɗa mana cewa takardar hukuma ba ta kwana a waje. Na kwance ta, na yi mata firam da katakon nan da nake ta ɓoyo.

Jikalle ta tafi masana'anta duba gilasai, sai bayan mako biyu. Kada ki faɗa mata. Ina so in ga fuskarta.

Naki har kullum,
Kafinta

*

Uwargida,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni dai jikina lafiya, amma na jawo masifa, kuma ba zan iya faɗa a waya ba.

Takardar nan ba izini ba ce. Sanarwa ce, doka ta ce ta zauna a ƙofa kwana ashirin da ɗaya, don maƙwabcin da ke da ƙorafi ya rubuta. Yana nan rubuce a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Sai jiya na sa tabarau na bi shi da yatsa. Ranar farko ina ganin sunanta idona ya cika da ƙwalla, ban ƙarasa ba.

Jami'ar ofishin ta zo ɗaukar hoton ƙofa sau biyu, ba ta ga komai ba. Tela, wanda muke bango ɗaya da shi, ya kai ƙara cewa da gangan muka ɓoye don kada a yi maganar hayaniya da motoci. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. In suka yarda da gangan ne, za su yi watsi da fayil ɗin, ba ta da ikon sake nema sai bayan shekara.

Da Jikalle ta dawo ta ji, ta zauna a kan tsohon teburin aikina tana kuka. Ta ce, "Kaka, Tela ne ya yage ta da hannunsa, sannan ya juyo yana ƙara. Allah ya isa!" Ina tsaye ina jin ta, ban faɗa mata ni ne ba. Firam ɗin yana ƙarƙashin gadonmu, naɗe cikin tawul. Abinci ba ya shiga. Ko mota ta tsaya a ƙofar gida sai in leƙa ta taga.

Me zan yi?

Mijinki,
Kafinta

*

Uwargida,

Gaisuwa mai yawa, a shafa mini kan jariri. Amsarki ta iso. Kin ce shiru ma ƙarya ce. Ta yi zafi, amma na ji.

Ɗakin taron yana hawa na biyu, dogon tebur, mutum biyar a bayansa, fanka tana ƙara. Tela ya miƙe ya ce, "Ranki ya daɗe, shekara ashirin zarto yana cin kunnena ban ce uffan ba. Yau kuma a ɓoye mini takarda?" Jikalle ta yunƙura za ta rama, na riƙe mata hannu. Na tashi, na kwance tawul, na ɗora abin a tebur. Na ce ni ne, kuma na faɗi dalili.

Shugabar kwamitin ta juya firam ɗin gaba da baya. Ta tambaya wa ya haɗa kusurwoyin, na ce ni. Wani ya yi dariya. Na kusa da ita bai yi ba, rubutu kawai yake yi, kuma shi nake tsoro. Suka ce a sake ɗaure sabuwa, a fara ƙirga daga ɗaya, amma ba su yi alkawarin komai ba.

A kan bene Jikalle ta ce, "Kaka, ka bar ni ina ja wa bawan Allah Allah ya isa har kwana biyar." Ta je ta ba Tela haƙuri. Ni kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Yanzu kullum ina kan benci a bakin ƙofar, ina gadin sabuwar. In iska ta kaɗa ta, sai in miƙe. Duk wanda ya zo wucewa ina tsayar da shi in karanta masa tun daga sama har ƙasa, in nuna masa inda zai kai ƙorafi. Jikalle ta ce, "Wai kai da wa kake, da mu ko da su?" Jiya jami'ar ta ce mutum goma sha ɗaya sun rubuto, abin da ba a saba gani ba. Uwargida, anya ban sake kashe yarinyar nan da bakina ba?

Ki sa mu a addu'a.

Kafinta

*

Uwargida,

Da fatan kun tashi lafiya.

Yau aka sake zama. Da shugabar ta ɗauko wasiƙun nan sha ɗaya, na runtse ido. Uku ƙorafi ne na gaske. Sauran tambaya suke yi yaushe za a buɗe, kuma ko akwai ranar mata. Mai wankin mota ma ya rubuta cewa a ajiye motoci a filinsa na baya. Wancan mai rubutun da ba ya dariya ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin unguwar da ta san abin da za a gina mata kamar wannan ba, don haka ba wanda zai ce an ɓoye masa.

An ba Jikalle izinin, da sharaɗi biyu: motoci a baya, kuma a ninka bangon Tela don kada ƙara ta ratsa. Na ce ni zan yi bangon. Jikalle ta ce, "To, amma kada ka taɓa komai mai hatimi." Sai ta rungume ni a gaban mutane.

Ranar Asabar za a ɗaga gilashin farko. Tela ya ce zai zo ya kafa kunne a bango da kansa. Ki zo, ki taho da Auta da mijinta da jaririn, ki gaya wa surukai, ki gaya wa duk wanda kika haɗu da shi a mota. Ni ne tsohonki, Kafinta, nake gayya: kowa ya zo ya gani!