Kukanki da Na Sa a Fim

Ya ke matata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randata bayan doguwar tafiya,

Yau wata uku ke nan da kika ɗauki jakarki kika koma gidan Yaya, kuma yau wata uku ban ji muryarki ba. Na kira, kin kashe waya. Na je, Yaya ta tare ni a ƙofa ta ce ba kya nan, alhali ga takalmanki ina gani a bakin ɗaki. Shi ya sa na koma ga takarda, ni da kika sha yi wa dariya wai ko saƙon waya ba na iya rubutawa sai da kuskure uku. Don Allah ki daure ki karanta har ƙarshe, in ya so sai ki yaga.

Ba kare kaina zan yi ba, ba ni da bakin yin haka. So nake ki san yadda aka yi, tun daga safiyar da abin ya faro.

Kin tuna ranar da na sayo sabuwar na'urar ɗaukar sauti, shekara uku da suka wuce? Ina ta rawar kai a ɗaki, ke kuwa kina gugar kayan da za ki sa ki tafi koyarwa. Na dasa miki makirufo a gaban baki na ce ki yi magana in gwada. Kika harare ni kika ce wai wannan ƙarfen ya fi ki samun lallashi a gidan nan, kika fashe da dariyar nan taki mai sa mutum ya manta abin da ya kawo shi. Kina cikin dariyar wayarki ta yi ƙara. Yaya ce. Auta, ƙaninku, wanda ya tafi wani ƙaramin gari aikin gyaran wutar lantarki, mutane sun tare shi a bakin kasuwa, sun tambaye shi shi ɗan ina ne, amsarsa ba ta yi musu ba, suka kashe shi. Dutsen guga ya suɓuce daga hannunki, na yi jifa da abin sauraren da ke kunnena na riƙe ki. Na'urar tana kan tebur, ba ta daina ɗauka ba.

Wallahi ban sani ba sai bayan mako biyu. Amma da na gani ban goge ba, kuma nan laifina ya fara. Mu masu aikin sauti muna da wata muguwar ɗabi'a, ba ma zubar da komai. Ƙarar ƙofa, tarin tsoho, ruwan sama a kan kwano, duk tarawa muke yi, wai wata rana za su yi amfani. Sai na ajiye kukan matata kamar yadda nake ajiye ƙarar ƙofa. Ki dubi wannan rashin hankali, rabin raina, ki gaya mini wane irin mutum ne yake yin haka.

Da darakta ya kawo labarin fim ɗin nan, na saurayi baƙo da 'yan wani ƙaramin gari suka kashe don sun ce shi ba nasu ba ne, sai da na zo na tambaye ki kafin in karɓa. Kika ce in karɓa, gara duniya ta ga abin da ake yi wa 'ya'yan mutane. Kin ba ni amana da hannu biyu. Muka yi aiki wata huɗu lafiya lau, har aka zo wurin da yayar saurayin za ta ji labari a waya. Sau goma sha bakwai jarumar da ta fito a yayar tana kuka, har muryarta ta dushe, darakta yana girgiza kai yana cewa wannan kukan fim ne, shi kukan mutum yake nema.

Ranar da muke tace sautin, da rana tsaka, kowa ya fita cin abinci, ni kaɗai a gaban kwamfuta. Na ce da kaina zan buɗe naki ne kawai in ji yadda numfashi yake karyewa, in koya wa jarumar. Haka na yaudari kaina. Daga saurare sai na ɗora shi a kan leɓenta, sai ya zauna daram kamar da shi aka ɗauka. Na yanke inda kika kira sunan Auta sau uku, na bar sauran, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Darakta ya dawo ya saurara, ya cire tabarau ya goge ido, ya tambaye ni ina na samo. Na ce cikin tsofaffin ajiyata. Zan gaya miki abin da ya fi komai muni, don na gaji da ɓoyo: a lokacin daɗi na ji. Na ji ni gwani ne.

Na riƙa lallashin zuciyata da cewa ba wanda yake gane kukan kansa. Har ranar da aka fara nuna fim ɗin, kika ɗinka sabuwar riga, kika zauna kusa da ni a sinima kina matsa hannuna duk sanda sunana ya zo a bakin wani. Da aka zo wurin, ba muryarki kika fara ganewa ba. Kika matso kusa da kunnena kika ce, "Agogon ɗakinmu ne wannan." Ni da nake jin gurnanin firji daga ɗaki na uku, ni da nake dakatar da aiki saboda kukan tsuntsu a bayan gari, ban ji bugun agogon bangonmu a ƙarƙashin kukan ba, domin kullum da shi nake kwana nake tashi. Sai na ji yatsunki suna zamewa daga nawa ɗaya bayan ɗaya. Kika tashi kika fita ba ki waiwaya ba, kuma da fim ya ƙare mutane suka miƙe tsaye suna tafi.

Tun daga ranar yabo yake ta zuba a kaina, kowane ɗaya kamar mari. An kai fim ɗin ƙasashe, an rubuta shi a jaridu, an ba ni lambar yabo ta sauti. Wani ɗan jarida ya rubuta cewa bai taɓa jin kuka mai gaskiya irin wannan a fim ba. Yaya ba zai zama mai gaskiya ba? Ranar da ta fi kowace baƙi a rayuwarki na ɗauka na shimfiɗa wa baƙi su zauna a kujera mai laushi su saurara. Waɗanda suka kashe Auta ba su san ko wane ne shi ba. Ni na san ki, na san inda yake miki ciwo, kuma nan ɗin na taɓa.

Ga abin da na yi, ba don ya isa ba. Na je na gaya wa darakta gaskiya. Ya dafe kai, sannan ya ce idan aka cire wurin fim ɗin ya mutu. Na ce ya mutu mana! Muka yi baram-baram, da ƙyar ya yarda aka mayar da kukan jarumar a duk abin da za a fitar nan gaba. Lambar yabon na mayar musu. Amma ba zan sake yi miki ƙarya ba: wanda ya riga ya tafi ƙasashen waje ba ni da ikon dawo da shi, kuma na ji an ce guntun wurin yana yawo a wayoyi. Kullum gabana faɗuwa yake kada wani ya kunna shi kusa da Mama.

Shekaranjiya Yaya ta kawo mini saƙonki a tsaye, ko zama ta ƙi yi. Ta ce kin ce in goge muryarki duk inda take a wurina. Ba ki san yawan abin da kika nema ba, hasken gidana. Shekara biyar na aurenmu ina tara ki: kina lissafa makin ɗalibanki da ƙarfi, kina yi wa tukunya faɗa don ta ƙi tafasa, kina kirana daga tsakar gida, kina waƙar da ba ki iya ba kina ƙirƙira mata baiti. Duk sanda aiki ya kai ni nesa, su nake sa wa kunnena in samu natsuwa. Na zauna gabansu fiye da awa ɗaya, zuciyata tana cewa ko sau ɗaya ka saurara kafin su tafi, wa zai sani? Ban saurara ba. Ba ki ba ni izini ba, kuma na ɗauki abinki ba izini sau ɗaya, ya ishe ni har in mutu. Na goge su duka, har da na kan katin ajiya, har da na cikin waya.

Yanzu ba ni da ke ko ta minti ɗaya. Ina ƙoƙarin tuno yadda kike jan ƙarshen sunana idan kina son wani abu, sai in ji ya fara kuɓuce mini. Kwana biyu kacal, har ya fara kuɓucewa! To idan aka yi wata fa? Idan aka shekara? Ya zan yi da raina, ke da kike ruwan farko a kan busasshiyar gonata? Ina son ki, son da ban iya riƙe shi yadda ya kamata ba, kuma tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba, ban ma ce ki dawo ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Asabar da safe zan zo ƙofar gidan Yaya, ba na'ura, ba waya a aljihuna, Yaya ta caje ni in tana so. Zan tsaya a waje. Idan zagi ne ki zage ni, na cancanta. Idan kin yanke cewa zama da ni ya ƙare, zan sunkuyar da kai in karɓa, ba zan ja da ke ba. Amma don girman Allah kada ki aiko Yaya, kada ki rubuto a takarda. Ki fito ki faɗa mini da bakinki.

Ni ne mijinki, naki a yau, naki ranar Asabar ko me kika ce, naki har ranar da kunnuwan nan za su daina ji.