Na Huda Hedifon Ɗin Mijina da Ƙusa

Anti, don Allah ki taimake ni, hedifon nake so ki zaɓar min. Irin manyan nan da suke rufe kunne ruf, amma wanda in mutum ya sa zai ji abin da ake yi a ɗaki. Kuma kafin mijina ya dawo daga tafiya nake so, saura kwana tara. Ni ban yi makaranta ba, ban iya rubutu ba, shi ya sa na danna waya nake magana. Kada ki sa sunana.

Bari in faro miki daga farko. Shekarata ashirin da biyu, 'yata ɗaya, watanta goma sha huɗu, Tsigi muke ce mata don 'yar mitsitsiya ce. Ta fara tafiya, ba inda ba ta shiga. Ni aikin guga nake yi a wani shagon wanki, daga ƙarfe bakwai zuwa ɗaya, kuma ba a zuwa da yara saboda dutsen guga. Shi kuma Baban Tsigi a gida yake aiki, zanen gidaje yake yi a kwamfuta, ogansa ya turo masa, ya zana ya mayar. To shi nake bar wa ita. A saman bene muke, ɗaki biyu da banɗaki, ƙofar banɗakin ba ta kamawa, ko iska ce ta taɓa ta sai ta buɗe.

Kada ki ɗauka mugun mutum ne, wallahi ba haka ba ne. Shi yake mata wanka, shi yake ba ta abinci, in ta ɓata jikinta ya wanke, bai taɓa yi min gori ba. Kiɗansa ne matsalar. Wai sunansa metal. Ban sani ba ko kin taɓa ji. Ranar da ya fara ɗora min a kunne muna sabon aure, na zaci abin ne ya lalace. Kamar an tara masu walda da masu gyaran mota a ɗaki ɗaya an ce kowa ya huce haushinsa. Ganga kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, mai waƙar kuma gurnani kawai yake yi kamar an taka masa ciki. Na cire na ce masa wannan ai faɗa ake yi, a je a raba su. Ya yi ta dariya har da hawaye. Shi cewa yake in ya sa, sai surutun da ke cikin kansa ya yi shiru, hannunsa ya tafi daidai. Ya daɗe yana tari kafin ya sayi hedifon ɗin nan. Akwatinsa daban, ƙyallen gogewarsa daban, ni ko ƙura ba na share masa. Har tsokanarsa nake in ce shi ne ɗansa na fari, Tsigi ƙanwa ce.

To sati uku da suka wuce injin shagonmu ya tsaya, mai shagon ta sallame mu tun ƙarfe sha ɗaya. Na hawo, na buɗe ƙofa, ga shi nan a teburinsa ya ba ƙofa baya, yana ta kaɗa kai. Na yi sallama, shiru. Na duba tabarmar Tsigi, ga kayan wasanta, babu ita. Sai na hango ƙofar banɗaki a buɗe. Anti, akwai bokitin da na jiƙa kayanta da safe, na ce in na dawo zan wanke. Ƙafafunta na fara gani a sama. Ban san yadda na isa wurin ba. Na fizgo ta, na kifa ta a hannuna ina bubbuga bayanta, ta yi tari, ta yi amai, sannan ta tsandara kuka. Ihun da na yi, matar da ke ƙasanmu ta ji, ta hawo a guje ko takalmi babu. Shi da yake ɗakin da ke jikin banɗakin bai ji ba. Sai da matar nan ta je ta dafa kafaɗarsa sannan ya waiwayo. Yana murmushi fa ya waiwayo, Anti. Murmushin nan shi nake gani duk lokacin da na rufe ido.

Mun kai ta asibiti, suka duba ƙirjinta, suka riƙe mu zuwa yamma. Likita ya ce faɗawarta ke nan na shigo. Baban Tsigi kuka ya yi ta yi a kan benci kamar ƙaramin yaro, har ni ce na koma ba shi haƙuri. Kwana biyar bai taɓa hedifon ba. Amma aiki ya ƙi tafiya, ya zana ya goge, ya zana ya goge, oga yana ta kira, shi kuma abu kaɗan ya hau faɗa. Rana ta shida na ga ya sa a kunne ɗaya. Kafin sati ya zagayo duka biyun sun koma. Ya ce ya rage ƙara. Na gwada shi, na tsaya a bayansa na saki murfin tukunya a ƙasa. Ko gezau bai yi ba.

Yanzu a wurin aiki hankalina ba ya jikina. Na ƙona wuyan rigar wani mutum, mai shagon ta ce in na sake, in nemi wani wuri. Ko ruwa na ji ana zubawa a injin sai gabana ya faɗi.

Shi ne na biya wani shagon kayan sauti, na nuna wa mai shagon hoton na mijina a waya. Ya ce wannan mai rufaffen baya ne, dama an yi shi ne don kada a ji komai na waje. Ya ɗauko wani, bayansa duk huji kamar rariya, ya ce wannan mai buɗaɗɗen baya ne. Ya ɗora min, ya kunna kiɗa a hankali, ya yi min magana, kuma na ji shi sarai. Da na ce metal mijina yake ji sai ya hau bayani, wai wannan yana ware jita da ganga, wancan yana da faɗi kamar kana cikin babban zaure amma yana sukan kunne, wani kuma sai an haɗa shi da wani ɗan akwati mai ƙara masa ƙarfi. Uku ya jera min. Ni dai kai kawai nake gyaɗawa, ban gane komai ba sai huji. Ga tsada. Na ce zan dawo.

Ina tafe a hanya ina tunani, na ce to ai huji huji ne. In huji ne ke sa a ji waje, me zai hana in yi wa nasa? Da ogansa ya tafi da shi awon wani gini na sati biyu, mijina ya bar hedifon a akwati don kada ƙura ta shiga. Na ɗauko ƙusa, na riƙe da filaya, na gasa a risho har ta yi ja. Na kunnen dama na yi masa huji shida, a jere, har na ji daɗin yadda suka fito. Na hagu ina na huɗu sai ƙusar ta zurma ciki, na ji ƙaurin roba. Na jona a wayata. Na dama yana magana kamar daga cikin gwangwani, na hagu kuwa ziza kawai yake yi kamar ƙuda a kwalba. Na mayar akwati na rufe, na zauna a ƙasa ina kuka.

Yanzu matar ƙasanmu ce ke riƙe min Tsigi, amma ta ce iyakarta ranar da zai dawo, don ita ma a ranar hutun aikinta zai ƙare. Ke nan zan sake fita in bar su su biyu. Don Allah wanne zan saya a cikin ukun nan wanda zai ji ta, kuma wanda ba zai ce ya ɓata masa kiɗa ya ajiye ba? In faɗa masa abin da na yi, ko in ce faɗuwa ya yi? Kullum yana kira yana tambayar lafiyarmu, sai in ce masa lafiya lau kawai.

Yayata kaɗai na faɗa wa duka. Da na zo kan ƙusa sai da ta yi dariya, daga baya ta fashe da kuka, ta ce in bar aikin kawai. Innata ba ta san zancen bokiti ba, in ta ji, ranar za ta zo ta ɗauke min 'ya. Mamansa ma ba ta sani ba. Daga Yaya sai ke.

— Uwar Tsigi

Amsa

Ƙanwata, na saurari saƙonki sau biyu. Mun gode wa Allah da Ya kawo ki gida a wannan minti. Yanzu ki share hawaye, akwai abin da nake so ki riƙe kafin mu zo kan hedifon.

Yaron da ya faɗa ruwa ba ya kuka. Kansa yana ciki, ba shi da numfashin da zai kira kowa. Ko da babu komai a kunnen mijinki, in dai ya ba ta baya, zai iya yiwuwa bai ji ba. Saboda haka babu wanda zan zaɓar miki a cikin ukun nan in ce shi zai tsare miki 'ya. Ido ne ke tsaron yaro mai wata goma sha huɗu.

Ba na faɗi haka don in ɗora miki laifin bokiti ba, kowace uwa tana jiƙa kaya. Amma daga yau kada ruwa ya zauna a buɗe a gidanki, ko da zurfin ɗan yatsa ne. A zubar, a kife bokiti. A kira kafinta ya sa sakata a can saman ƙofar banɗaki. Wannan kada ki jira dawowarsa.

Shi ma a yi masa adalci. Ba rashin so ba ne ya kawo wannan. Zane yana cin ido da hankali, raino ma haka, kuma an haɗa masa biyun a lokaci ɗaya. Kiɗan da yake kwantar masa da hankali ba laifi ba ne, amma ba lokacinsa ba ne sa'ad da yake shi kaɗai da yarinya. Ku zauna ku raba yinin. Da safe shi da Tsigi, kunne a buɗe, tebur ya juyo yana kallon ɗaki, ƙofa a rufe, ita a gabansa. Babban aiki da kiɗa sai kin dawo ƙarfe ɗaya. In ogansa ba zai lamunta ba, ku nemi mai raino ta rabin yini. Kada ki yi saurin barin aikinki kafin ku gwada wannan.

Batun hedifon, na tambayi wani mai haɗa sauti da muke aiki tare. Ya ce mai shago bai yi miki ƙarya ba. Mai buɗaɗɗen baya yana barin sautin waje ya shigo, kuma da yawa daga masu jin metal suna son sa don jita da ganga ba sa cakuɗewa. Sai dai amonsa mai kauri, irin na babbar ganga, bai cika kai na rufaffe ba, wasu suna da kaifin da ke gajiyar da kunne, wasu ba sa tashi sosai sai da amfilifaya, ɗan akwatin nan mai ƙara ƙarfi. Kiɗan yana fita waje, duk wanda ke ɗakin zai sha rabonsa, har mai barci. In kuma aka ƙure ƙara, hujin ba ya hana mutum zama kurma. Ya ƙara da cewa tun daga cikinsa ake ƙera shi daban, ƙusa ba ta mayar da wannan wancan. Naku a kai wa mai gyara, wataƙila a iya canza abin da ya ƙone.

Don haka kada ki saya. Kunnensa ne, shi zai zaɓa, kada ki yi hasara sau biyu. Ku je tare, ya tafi da kiɗansa a waya, ya gwada kowanne na minti goma, ya ji ko yana matse kai ko sukan kunne. Ke kuma ki tsaya taku biyu a bayansa ki yi magana yadda kika saba. In bai ji ki ba, ƙarar ta yi yawa, ko wane iri ne. Mutumin da murfin tukunya bai motsa shi ba, ya kamata ma a auna masa ji a asibiti.

Kada ki ce faɗuwa ya yi. Faɗuwa ba ta yin huji a jere, kuma ƙarya za ta fi ƙusar yi masa ciwo. Ki bari ya huta ya ci abinci, ki ajiye akwatin a gabansa, ki faro daga tsoron da kike ciki, sannan ki zo kan abin da kika yi, ki ba shi haƙuri. Zai ji zafi, ki bar shi ya ji. Amma kada haƙurin da za ki bayar ya haɗiye maganar safiya. Ba za ki fita aiki ba sai kun tsayar da wanda zai sa mata ido, kuma in ya ƙi, ki kira Yayarki ta zauna da ku.

Allah Ya raya Tsigi, Ya sanyaya zuciyarki, Ya sa ku fahimci juna.

— Anti