Abin da Ya Sa Zinariya Ba Ta Fari

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024
Na dawo Kura daga Kano. Kwamfutata na injin shinkafar Yaya Sagiru, nan ne kawai wuta ba ta ɗaukewa. Lissafin ƙwayar zarrar zinariya har yanzu ya ƙi tsayawa. Kowane elektron na gyara zamansa gwargwadon na sauran, a sake zagaye, a sake, har amsa ta daina canzawa. Tawa sai yawo take.

Laraba, 7 ga Fabrairu
Na haɗu da Nafisat a kasuwar tumatir, 'yar Malam Datti da ya koya mana fizis a sakandare. Ta ce jikinsa ya yi nauyi, mutane ma sun fara ɓace masa. Duk na rasa sukuni.
Shi ne fa mafarin wannan wahalar tawa. Wata rana ya shigo aji da laka a ƙafar wando, daga gonar albasa yake, ya ari ɗan kunnen wata malama ya ɗaga. Me ya sa zinariya take ruwan ɗorawa, azurfa kuwa fara, alhali 'yan gida ɗaya ne a jadawalin sinadarai? Ya ce shi ma bai sani ba, wanda ya gano ya zo ya gaya masa. Kowa ya yi dariya ya manta, ban da ni sarkin naci.

Juma'a, 9 ga Fabrairu
Ba zan je masa da bayanin littafi ba. Sai da lissafin hannuna.

Talata, 13 ga Fabrairu
Na rage girman gyaran da ake yi a kowane zagaye. Na zauna bakin kwatar ban ruwa ina kallon ruwa na shiga fangali. Nan muke wanka da, Malam ya biyo a keke ya kore mu. Ina kewar lokacin nan ƙwarai.

Alhamis, 15 ga Fabrairu
Ya tsaya, alhamdulillahi. In na cire ƙa'idar Einstein, zinariya sai ta fito kamar azurfa. In na saka, elektron na can ciki suna gudun da ya haura rabin na haske, su ƙara nauyi, su matse, tazarar na waje ta ragu har ta iya shanye shuɗin haske. Abin da ya saura shi ido ke gani. Yaya Sagiru ya ce to yanzu sai a sayar wa wa? Gobe Bunkure, gidan Malam.

Asabar, 17 ga Fabrairu
Jiya na kasa rubutu.
Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame. Na faɗi sunana, Abuzar, ya ce madalla, ɗan wane aji? Nafisat ta miƙo masa kunu, sai idonsa ya sauka kan zobenta na zinariya. Ya gyara zama, muryar nan ta aji ta dawo.
"Kai yaro, me ya sa zinariya ba ta fari kamar azurfa?"
Kwamfutar na cikin jakata, a kan cinyata. Na dube shi, fuskarsa duk zumuɗi, yana jira ya ga ya kama ni.
"Ban sani ba, Malam."
Ya yi dariya har da tari. "Ni ma haka. Je ka nemo, ka zo ka gaya mini."
Na ce to, in sha Allahu.
Na gaya wa Yaya Sagiru ba zan koma Kano wannan makon ba. Wai saboda wutar injinsa.