Ƙorafi Kan Dakatar da Malamar Aji Uku Saboda Matashin Kujera

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Sufeton Makarantun Firamare,
Ofishin Ilimi.

Daga:
Mai ɗinki, mahaifiyar ɗaliba a aji uku,
makarantar firamare ta bayan kasuwa.

Rana: Litinin, 9 ga watan uku.

Game da: dakatar da Malamar aji uku, da inda aka ajiye shaida

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ɗinkin mutane na jirana, kai ma aiki na jiranka, don haka ga maganar.

1. A taron iyaye na farkon zangon nan na ga Malamar aji uku, mai koyar da autata, tana wuni a tsaye da tsohon ciki. Kujerarta ta katako ce, ta tsage a tsakiya, ga ƙusa ta leƙo. Na koma shago na haɗa ragowar ƙyallaye, na cusa auduga, na yi matashi. Da hannuna na ɗaure shi a jikin kujerar, Malama ba ta ma ajin.

2. Ranar 2 ga wata Hedimasta ya dakatar da ita, wai ta karɓi kyauta daga iyaye, doka ta hana. Doka ce mai kyau, Allah Ya saka wa wanda ya kafa ta. Amma Yallaɓai, kujerar ta gwamnati ce, ga lamba nan an rubuta da fenti a bayanta. In kyauta aka karɓa, kujera ce ta karɓa. Ita kuwa tana nan a aji, ba wanda ya dakatar da ita.

3. Na tambayi mai gadi ko kaji da kwandunan ƙwai da ake jerawa a bayan motar Hedimasta duk ƙarshen zango su ma dokar ta shafe su. Ya ce a'a, wannan gaisuwa ce, ba kyauta ba. Karatuna bai yi nisa ba, sai ranar na gane bambancin: abin da ake ci gaisuwa ne, abin da ake zama a kai shi ne kyauta. Malama ta taɓa yin irin tambayar nan a gaban iyaye. Ban ce shi ya jawo mata ba, Allah ne masani. Na dai faɗi wanda ya riga faruwa.

4. Doka ta ce ƙorafi kan ma'aikaci Hedimasta ake kai wa. Na bi doka, na kai wa Hedimasta ƙarar Hedimasta. Ya saurare ni tsaf, ya ce zai bincika, ba zai raga wa kowa ba. Na ce to a ba ni matashina. Ya ce ba zai yiwu ba, shaida ce, an adana ta a wuri mai tsaro. Kuma gaskiya ya faɗa. Da ya sunkuya ɗauko biro na hango shuɗin ƙyallena mai ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinsa. Ba ɓarawon da hannunsa zai kai wurin.

5. Malama haihuwa yau ko gobe, an tsayar mata da albashi, tana zaune a ɗaki saboda tausayin da ni na ji, ba ita ta roƙa ba. An ce ranar 20 ga wata kwamiti zai zauna kan maganar korarta. Hedimasta ne shugaban kwamitin, kuma na san a kan me zai zauna.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon Mai Girma ya zo da kansa kafin ranar, ba sanarwa. In ka shiga ofishin, ladabi zai sa Hedimasta ya miƙe tsaye, binciken ya ƙare ke nan. A mayar da Malama bakin aikinta da haƙƙinta cikakke kafin ta sauka.

In kuwa dole sai an hukunta wani, ni na yanka, ni na ɗinka, ni na ɗaure. Ina shago daga safe har la'asar, ban da lokacin salla.

Allah Ya ƙara girma, Ya sa ka gama lafiya.

Taka mai biyayya,
Maman Auta, mai ɗinki.