Ƙusar Kafinta a Bayan Kujerar Raihana

Daga: Mahbub Abdulgani,
Layin Mahauta, kusa da Oko-Oba,
Agege, Legas.

Litinin, 19 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga: Alhaji Abdurrahim Jumare,
Shugaban Ƙungiyar Hannu Ɗaya ta Makanikai da Masu Walda,
Agege, Legas.

Game da: Ƙorafi a kan Oga Kamal, mamban ƙungiyarku, bisa aikin maɗaurin kujerar yara a mota

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Alhaji da iyali suna lafiya, ina roƙon a yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba. Ni ɗan wajen Malam Abdulgani mai fata ne, ina taya shi aiki a mayankar Oko-Oba. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba, yanzu ma ba don son raina ba ne.

1. Shekaru uku da suka wuce, ɗan yayana Shamsuddeen, yaro mai suna Mu'az, ya rasu a hanyar Ibadan. Yana kan cinyar mahaifiyarsa, ta riƙe shi da hannu biyu, aka taka birki. Duk manyan da ke motar sun fito da ƙafafunsu. Na kawo wannan ne kawai don Alhaji ya gane dalilin da ya sa mutum irina ya je ya sayi kujerar yara ta mota, tokunbo, wato gwanjon Turai, har abokai suna ce mini Bature. 'Yata Raihana shekararta biyu da rabi.

2. Kujerar tana da igiya a samanta mai ƙugiya a baki. Wanda ya sayar mini ya ce bel ɗin mota yana riƙe ƙasanta ne, igiyar nan kuwa ita ke hana kan kujerar kifawa gaba, kuma sai an maƙala ta a zoben ƙarfe da ke bayan kujerar baya. Na duba motar gidanmu ban ga zobe ba. Ranar Asabar, 12 ga Afrilu, na kai ta garejin Oga Kamal. Ya karɓe ni da fara'a, wannan ba zan ɓoye ba. Ya ce ƙaramin aiki ne, in je in yi sallar Azahar in dawo. Da na dawo na tarar da zobe sabo yana sheƙi a kan shimfiɗar da ke ƙarƙashin gilashin baya. Ya ja shi da yatsa a gabana, ya ce ko sa aka ɗaure a nan ba zai tsinke ba. Na yi masa godiya sosai.

3. Ranar Alhamis, 8 ga Mayu, na je kasuwar Mile 12 sayo wa gida kayan miya. Raihana ta so ta bi ni, mahaifiyarta Firdausi ta hana saboda tana mura. Na sayo babbar kankana. Don kada ta yi ta gangarawa a but, sai na zaunar da ita a kujerar Raihana na ɗaura mata bel, ina dariya ni kaɗai, ina cewa zan nuna wa yarinyar wadda ta ƙwace mata wuri. Dab da Oko-Oba wani sa ya ƙwace wa masu jansa ya faɗo titi. Na taka birki, amma sai da na buge shi. Ba gudu nake ba. San ma ya tashi ya tafi.

4. A bayana na ji ƙara iri biyu: wani abu ya fizge, sannan wani abu ya fashe. Da na waiwaya, kujerar ta kifo gaba, igiyar tana lilo da zoben a bakinta. Kankanar ta bugi ƙarfen matashin kujerata ta rabe biyu. Jan ruwanta ya ɓata rufin motar, ya ɓata bayan rigata. 'Yan okada suka taru suna tambaya ko akwai yaro a ciki, sai wani ya leƙa ya gaya musu babu. Ranka ya daɗe, ni aikina cikin jini yake kullum, bai taɓa damuna ba. Na ɗauki kankanar nan da hannuna a kasuwa, kuma ina ɗaukar 'yata kullum. Raihana ta fi ta nauyi.

5. Da na duba, zoben ba a ƙarfen mota aka ɗaura shi ba. Ƙusar murɗawa ce irin ta kafinta, guda ɗaya, aka murɗa a falankin da ake saka sifika a jikinsa. Wurin da ta fizge ya yaga ledar da mai ɗinkin kujeru ya shimfiɗa lokacin da Baba ya sa aka sabunta cikin motar. Na ɗaga ledar. Zoben kamfani na asali yana nan a ƙarƙashinta, a jikin ƙarfe, tazararsa da ramin Oga Kamal ba ta kai tafin hannu ba. Ɗaga leda kawai aikin yake buƙata.

6. Ranar Asabar, 10 ga Mayu, na koma garejin cikin ladabi na nuna masa. Ya ce in gode wa Allah tunda ba a rasa rai ba, ya ce zai sake mini kyauta da ƙusa biyu. Cikin kare kansa ne ya ce ai ba ni kaɗai ya yi wa ba, tun da aka ga tawa ya yi wa motoci biyar a unguwar nan, babu wanda ya dawo. Na roƙe shi ya gaya mini su waye. Ya ce so nake in ɓata masa suna a Agege, ya juya ya ci gaba da aikinsa.

7. Mota ɗaya na gano, ta Hajiya Asama'u mai shagon atamfa, wadda ke kai jikokinta makaranta. Na nuna mata, an gyara. Saura huɗu. Tun daga ranar, duk motar da na gani a fake sai na leƙa gilashin bayanta, har wani maigadi ya taɓa ɗauka na ɓarawo ne. In ina cikin motar haya ta danfo a cunkoson gosulo, idona yana kan motocin gefe. Wani lokacin ina tsakiyar shanya fata sai in ji ƙarar nan ta biyu a bayan kunnena, in waiwaya, ba komai. Firdausi ta daina sayen kankana ba tare da na ce mata ta daina ba.

Alhaji ya fi ni sanin cewa Babbar Sallah saura kaɗan, kuma mutanenmu da yawa za su kama hanyar Arewa da iyalansu. Iyayen nan huɗu za su ɗaura yaransu su ja igiyar da yatsa, kamar yadda na riƙa yi, su ji ta da ƙarfi, hankalinsu ya kwanta.

Don haka ina roƙon ƙungiya, cikin girmamawa, ta kira Oga Kamal ta sa ya faɗi masu motocin, a neme su kafin a fara tafiyar Sallah, a ɗaga ledar kowace a duba. In babu zoben kamfani, a ɗaura da noti a jikin ƙarfen mota, a gaban wanda ƙungiya ta yarda da shi. Ina kuma roƙon a sanar da sauran mambobi a taronku. Ba na neman a rufe masa gareji, shi ma yana da yara. In an ba ni sunayen, ni da kaina zan bi gida-gida, ba sai kowa ya wahala ba.

Na saka ƙusar a cikin ambulan ɗin nan, da ɓurɓushin falankin a jikinta yadda ta fito. Ina roƙon Alhaji ya ɗora ta a tafin hannunsa kafin ya yanke shawara. Ita ce ta riƙe 'yata kusan wata guda, ina gaba ina tuƙi ina yi mata waƙa.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya tsare mana zuri'a baki ɗaya.

Ɗanka mai biyayya,

Mahbub Abdulgani