Dami Tara Ne

Karofane, ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana Halidu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Abijan? Mu nan lafiya lau, Inna tana gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da girmana na koye shi.

Maganar 'yarmu Fa'iza ce ta hana ni sukuni. Mushe, malaminsu na lakol, ya ba su lissafi su yi a gida. Wai manomi ya samu dami arba'in na hatsi, ya ba ƙanensa kashi ɗaya cikin huɗu, ya kai kashi biyu cikin uku na sauran kasuwa, nawa ya rage? Ta kawo mini, na ji daɗi ƙwarai. Na jera tsakuwa arba'in, na fara fitar da huɗu na zakka, don wa ya taɓa raba hatsi bai fitar da haƙƙin Allah ba? Muka raba sauran, muka samu tara.

Ashe goma suke so. Mushe ya karanta amsarta a gaban aji, yara suka yi dariya. Suna kiranta mai zakka har yau.

Tun daga ranar ba ta sake nuna mini kayenta ba, wato littafin rubutunta na lakol. Ƙanwarka Murja ta zo daga Buza, ta zaunar da ita, ta koya mata yadda ake ninka na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, sannan a ɗebe. Ina daka ina jin dariyarsu. Yanzu komai sai Gwaggo ta ce, har ɗaurin kallabi irin nata take yi.

Na ji Murja ta roƙe ka ka ba ta yarinyar ta zauna wurinta har jarrabawa. Don Allah kada ka yarda. Zan ƙara ƙoƙari.

Taka,
Zaliha


Karofane, ranar Alhamis

Maigida,

Ina gaishe ka, da fatan ciwon bayan ya yi sauƙi. Saƙonka ya iso, na kuma bi umarninka.

Jiya suka tafi. Na yi wa Fa'iza kitso, na ƙulla mata ƙuli-ƙuli. Ban yi kuka a gabanta ba. Ta hau mota ta zauna jikin Murja, tana ta ba ta labari, sai da motar ta tashi ta tuna ta ɗago mini hannu.

Ban ce Murja ta yi laifi ba. Malamar lakol ce, kuma tana son yarinyar. Da ma muguwa ce, da na samu abin faɗa. Ni na goya ta, ni na kwana da ita a likita lokacin ƙyanda, amma yau wadda ta iya zana layi tsakanin lamba biyu ita ce mai sani.

Akwai abin da zan gaya maka, ka rufa mini asiri. Jiya da safe Fa'iza ta yi ta neman kayen lissafinta, na taya ta nema har cikin rumbu. Yana ƙarƙashin tabarmata. Dole ta dawo ta ɗauka.

Allah ya maido ka lafiya.

Matarka,
Zaliha