Kunya Biyu

Tudun Gamji, Makoda
3 ga Yuli

Zuwa ga aminina Malam Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata idon da aka yi wa aiki a Kano yana samun sauƙi. Ikilima, ke da za ki karanta wa babanki wannan takarda, sannu da jinya. Ki yi haƙuri da rubutuna, da furfurarmu muka shiga yaƙi da jahilci ni da shi.

Albishirinka! Matar Abdulkabir ɗana ta sauka lafiya a Abuja. Namiji ne, kuma ni aka yi wa takwara, suna ce masa Baffa. Larai uwargidana ta ce tun ranar bakina ya ƙi rufuwa. In sun yi arba'in za a kawo mini shi.

Ka san Abdulkabir da mota tun yana ƙera ta kara. Yanzu uku ya tara, ba na haya ba, ba na kaya ba, na gudu kawai. Akwai ja, akwai baƙa, akwai ruwan ɗorawa mai ƙofofin da suke buɗewa sama. Sunayensu sun fi ƙarfin karatuna. Ya fi rabin awa a waya yana gwada mini su: wai jar ta fi zabura, baƙar ta fi riƙe kwana, ta ɗorawar kuwa ƙarfin doki ɗari bakwai gare ta. Na tambaye shi da wa takwarana ya yi kama, ya ce zai turo hoto.

Ya ce da ta ɗorawar zai zo, in hanya ta yarda. Tsakanin cikinta da ƙasa yatsu huɗu ne, ga faɗi. In hanya ba ta gyaru ba sai dai a bari sai rani. Ka dai san 'yar hanyarmu.

Gyaɗarka ta yi kyau. Allah ya ƙara sauƙi.

Naka,
Sha'aban


Tudun Gamji
2 ga Agusta

Malam Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki? Ya mutanen gidan? Mu nan lafiya, sai dai ni abinci ba ya shiga.

Akwai waya, amma bakina ba zai iya faɗin wannan ba. Na kasa jiran rani. Na ɗauki fartanya na faɗaɗa hanyar da ta ratsa tsakanin gonata da taka, tun daga bakin titi har ƙofar gida. Na sare gerona layi huɗu, ban ji komai ba. Sai da na zo kwanar kuka na auna da igiya, na ga motar ba za ta juya ba sai an shiga wajenka.

Ja'afaru, na tumɓuke gambar nan da iyayenmu suka dasa ta zama iyaka. Na kuma baje maka kunya biyu, gyaɗar tana fure. Ikilima, ki karanta a hankali, kunyar gona nake nufi. Sai yau da na rubuta na ga ashe baƙaƙensu ɗaya da ɗayar, kuma ita ma tana nan a wuyana.

Ban tambaye ka ba don na ji tsoron ka ce a'a. Na fi jin tsoron ka ce to alhali ranka bai so ba. Larai ta ce shekara sittin ba a taɓa jin kanmu ba, zan ɓata abotarmu saboda motar da ko buhu ɗaya ba ta ɗauka.

Fatihu babban ɗanka ya gani. Ya gaishe ni kamar kullum, har ƙasa, amma bai ɗago ya dube ni ba.

Ina jiran amsarka, ko faɗa ne.

Sha'aban


Tudun Gamji
19 ga Agusta

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar ido. An ce ka fara gane fuskoki, alhamdu lillahi. Amsarka dai ba ta zo ba.

Motar ta zo ranar Asabar. Ta wuce kwanar kuka ko karce ba ta yi ba. Ƙararta ta sa awakin unguwa sun tsinke igiya, gari ya cika ƙofar gidana. Na fito da sabuwar riga, na miƙa hannu biyu. Ƙofofin suka tashi sama. Abdulkabir ya fito ta nan, abokinsa mai ɗaukar hoto ya fito ta can. Na leƙa baya ina neman mai jego, sai na ga babu baya. Kujera biyu ce da ita, Ja'afaru. Ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba.

Takwarana da uwarsa sai washegari suka iso a motar haya. Suka sauka a titi, ta goyo shi ta tako, inda ko tsohuwar hanyar ta ishe ta. Na riƙe shi. Hancin Larai gare shi, ya kama gemuna ya ƙi saki. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, kuma wanda na so in fara nuna wa shi kai ne.

Na gaya wa Abdulkabir abin da na yi. Ya ce ai da na faɗa da ya zo da baƙar, ta fi kama kwana.

Fatihu ya kafa turaku inda yake ganin nan ce iyaka. Sun shigo gonata da kunya uku. Mai unguwa ya ce zai tara dattawa a auna, na roƙe shi ya bari. Jiya na samo saiwar gamba na dasa a bin turakun, daidai inda ya kafa su. Nan ce iyaka daga yau, 'ya'yana ma na shaida musu.

Ban yi don in biya ka ba, gyaɗar da na kashe ba za ta tashi ba. Ranar Jumma'a za a mayar da Baffa Abuja. Gobe zan ɗauko shi da uwarsa mu shigo Kano. In ka ce a buɗe mana, ka sa masa albarka. In ba ka ce ba, shi a shigar da shi, ni zan jira a waje.

Naka har kullum,
Sha'aban